Shekara biyu ina zargin sa'a, albasata tana ruɓewa a ɗaki

Na taso da wata magana a kunnena, wai gidanmu ba mu da sa'a. Ba a ɓoye ake faɗinta ba. 'Yan uwa sukan faɗe ta a gaban mahaifiyata cikin tausayi, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Fatauci ne ya kawo kakanmu garin Marwa, a arewacin Kamaru, daga ƙasar Kano, ya zauna ya yi iyali. Mahaifina yana da ɗan shagon yadi a kasuwa. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa ta koma rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Shi kuwa ya riga ya raba kaya bashi a tsohon farashi, da kuɗin suka dawo ko rabin shagon ba su cika ba. Bai sake miƙewa ba har Allah ya karɓi abinsa bayan shekara uku. Ina da shekara 14 na bar makaranta.

Na yi dako a wurin da ake lodin albasa, ina ɗaukar buhu a ka zuwa bayan mota. Daga baya na tara kuɗi na sayi babur na shiga acaɓa, wadda a nan muke ce wa kilando. Na yi aure, Allah ya ba mu yara biyu. A 2014, da rikicin kan iyaka ya yi tsanani, aka taƙaita zirga-zirgar babura, musamman da dare da kan hanyoyin ƙauye, inda can ne abincina yake. Na ce a raina, to, ga rashin sa'ar gidanmu ya biyo ni. Na sayar da babur na kama hayar kar ɗaya, wato rubu'in hekta, mita 50 sau 50, a wajen Meskin. Shekaru na yi ina ɗaukar albasa a kaina, sai na ɗauka na san ta.

Gabas da gonata akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. Shi ne mutumin da ake misali da shi idan ana zancen sa'a. Ana cewa yana da ƙashin arziki, ko ƙasa ya damƙa sai ta zama kuɗi. Albasarsa takan kai watan Oktoba tana nan ƙalau, lokacin da ta kowa ta ƙare ko ta ruɓe, sai ya loda mota a farashin da ya ninka na kaka sau uku ko fiye. Wasu suna raɗa cewa ba haka kawai ba, akwai abin da ya binne.

Zan faɗi yadda na yi shekarar farko dalla-dalla, domin duk wanda ya san albasa zai ga inda na kashe kaina tun kafin in kai ƙarshe. Iri na saya a kasuwa wurin mutumin da ban sani ba, saboda nasa ya fi arha. Rabinsa bai tsiro ba, na sake zubawa, dashena ya kai Janairu alhali maƙwabta sun gama tun farkon Disamba. Kuɗin babur suka ƙare a haya da iri da man injin ban ruwa, sai na ci bashin jaka 200, wato sefa 200,000, wurin wani ɗan kasuwa, da sharaɗin in biya shi da albasa a farashin ranar cira. Yuriya na zuba sau uku, na ƙarshe saura mako uku a cire, domin ina jin daɗin ganin ganye ya yi kore shar. Ruwa ban tsayar ba sai saura kwana uku, saboda wani ya ce mini hakan yana sa ta kumbura buhu ya cika da wuri. Ranar cira muka yanke lawashi a gindin wuya, muka ɗura a buhu nan take.

Buhu 42 na samu. Farashin ranar jaka 8 ne, mai bashi ya kwashe 25. Sauran 17 na jibge su a ɗaki mai rufin kwano da daɓen siminti, na rufe taga ɗaya tilo da yake da ita saboda tsoron ɓarayi, na sa kwaɗo. Na zauna jiran Oktoba kamar yadda na ga Baba yana yi.

A cikin Yuli matata ta ce, "Malam, ɗakin nan fa yana wari." Na ce albasa ce, haka take. Bayan mako guda baƙin ruwa ya fara gangarowa ta ƙarƙashin ƙofa. Buhu 6 na tsira da su.

Abin da ya fi asarar muni shi ne fassarar da na yi mata. Da na ce na yi kuskure, da na nemi inda kuskuren yake. Amma na ce ba ni da sa'a, kuma wanda ya ce haka ya rufe wa kansa ƙofar tambaya, domin ba a gyara abin da aka haife ka da shi, sai dai a nemi maganinsa. Maganin na tafi nema. Wani mutum ya karɓi jaka 35 da baƙin zakara ya ba ni layu huɗu in binne a kusurwoyin gona. Na tuba ga Allah a kan wannan, kuma ina faɗinsa ne don na san ba ni kaɗai na taɓa bin wannan hanya ba. Matata da kanta ta ɗauko keken ɗinkinta da 'yan kunnen aurenta ta ce in sayar in ƙara jari. Na kama kar biyu. Iri, taki, ruwa, yankan wuya, ɗakin kwano, ban canja ko ɗaya ba. Layu kawai na ƙara.

Buhu 88 na cire a 2016. Bashi ya ci 35, na ajiye 53. A watan Agusta zazzaɓin cizon sauro ya kama ƙaramar 'yata, ya shanye mata jini har sai da aka kwantar da ita aka yi mata ƙarin jini. Na buɗe ɗaki in sayar in biya magani. Muka zazzage buhunan a tsakar gida ni da ƙanena, muna tsinta hannuwanmu suna nutsewa cikin ruɓa. Buhu 14 muka haɗa. Dillalin da ya zo ya ga idona, ya san yarinya tana asibiti, ya faɗi abin da ya ga dama na ce na sallama. Yarinyar ta warke, alhamdu lillahi. Amma keken ɗinki ya tafi, 'yan kunne sun tafi, kuma ranar da na kwashe ruɓaɓɓiyar albasa a amalanke na kai bola, ban iya haɗa ido da matata ba.

A wannan lokacin ne zuciyata ta lalace a kan Baba. Bai yi mini komai ba. Amma na daina gaishe shi. In na hango shi a sahun masallaci sai in canja gefe. In na ji an ce albasarsa tana nan lafiya sai in ji kamar an soka mini abu a ƙirji. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce, kuma gaskiya ne, shi bai ragu da komai ba. Ni ne na daina barci, na daina jin daɗin salla, na fara yi wa yarana tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Shi ya zo gidana. Ya zo duba yarinya da ledar lemo a hannu, ya zauna a tabarma ya yi addu'a. Da zai tafi ya tsaya a ƙofar ɗakin nan ya ce in buɗe masa. Ya ɗauki albasa ɗaya cikin 'yan ragowar da na ware, ya danna wuyanta da babban yatsa, ruwa ya fito. Ya ce, "Ɗana, wannan tun a gona ta mutu, ɗakin nan kabari kawai ya zame mata. In ba ka ji nauyi ba, ka zo ka yi mini aiki bana, zan biya ka kamar kowa."

Mako biyu ina juya maganar. Jiya ina mai gona biyu, gobe in koma ɗan ƙwadago a gonar mutumin da nake ƙi, a gaban mutanen da suka san ni. Inna ce ta yanke. Ta ce, "Ubanka bai sami wanda zai ce masa zo ka gani ba. Kai ka samu, kana tsaye kana shawara?" Na tafi.

Kaka biyu na yi a hannunsa, kuma abin da zan rubuta yanzu shi ne abin da mutane suke kira sa'arsa.

Daga iri abin ya fara. Baba ba ya sayen iri. Gudami yake shukawa, irin yankinmu, kuma shi yake fitar da nasa. A watan Oktoba, bayan albasa ta yi wata shida a ajiya, yakan zaɓi waɗanda suka fi tauri, matsakaita, masu siririn wuya, waɗanda ba su tsiro ba kuma ba su rabu biyu ba, ya mai da su ƙasa su yi fure su ba da iri. Ka ga ke nan ɗakin ajiyarsa ne yake zaɓar masa iyayen albasar baɗi, shekara da shekaru, duk wadda ba ta jure ajiya ba ba ta barin zuriya. Irin arha na kasuwa kuwa sau da yawa daga albasar da ta yi saurin fitar da sandar fure a shekarar farko ake tara shi, domin ya fi sauƙin samu, kuma 'ya'yanta sukan gaji wannan hali. Albasar da ta fitar da sanda tsakiyarta a buɗe take, ba ta ajiyuwa. Ƙari a kan haka, irin albasa ba ya daɗewa, in ya haura shekara ƙarfinsa ya ragu sosai. Kafin ya zuba, Baba yakan ƙirga ƙwaya 100 ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya riƙa yayyafa ruwa, bayan kwana 10 ya ƙirga waɗanda suka tsiro. In ba su kai 70 ba, ya san abin da ke gabansa tun kafin ya yi asarar makonni. Kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi na iri mai kyau ya ishi kar. Gwajin nan ba ya cin ko sisi, kuma da na san shi da ban yi dashen Janairu ba.

Yakan zuba iri da ɗaukewar ruwan sama, ya cire dashe bayan kwana 40 zuwa 45, lokacin da kaurinsa ya kusa na fensir. A fangali ba ya barin tazara mai yawa, kamar faɗin tafin hannu ko ɗan fiye. Na tambaye shi me ya sa ba zai buɗa ba ta yi manya. Ya ce babbar albasa ta mai sayarwa yau ce, matsakaiciya ita ce ta mai ajiya. Takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai yake fara sawa kafin dashe, sannan takin zamani 20-10-10, sannan yuriya, kuma yuriyar ƙarshe ba ta wuce mako shida zuwa bakwai bayan dashe, wato daidai lokacin da gindi ya fara kumbura. Duk yuriyar da aka zuba bayan nan ganye da wuya take ginawa. Wuya ya yi kauri ya cika da ruwa, ya ƙi rufewa bayan an cire, ya zama ƙofar da ruɓa take shiga. Koren ganyen da nake alfahari da shi saura mako uku a cire, shi ne baƙin ruwan da ya gangaro ta ƙarƙashin ƙofata.

Ruwa ma haka. In ganye ya fara kwanciya da kansa sai ya rage, in kusan rabin gonar ya kwanta sai ya tsayar gaba ɗaya, ya jira kwana 10 zuwa 14. Ba ya yarda a tattake ganye don a gaggauta ta. Da safe ake cira, a jera ta layi-layi, ganyen wannan ya rufe kan waccan, domin ranar Maris da Afrilu a Marwa tana haura digiri 40, tana dafa albasar da aka bari tsirara, kuma ba za ka ga ƙunar ba sai bayan wata guda a ɗaki. Bayan 'yan kwanaki a yanke lawashi a bar wuya kamar faɗin yatsa biyu zuwa uku, a shimfiɗa a inuwa inda iska ke ratsawa wajen mako biyu, har wuyan ya bushe ya murɗe, ɓawon ya riƙa ƙara in ka motsa ta. Ba a jifa da albasa a gonarsa. Ranar farko da na wurga ɗaya cikin kwando daga nesa, ya ɗauko ta ya ajiye gefe ya ce in duba ta bayan mako uku. Na duba, gefen da ya bugu ya yi laushi.

Sannan a zauna tsinta, aikin da ya fi kowane cin lokaci. Mai kaurin wuya, mai rauni, wadda ta rabu biyu, wadda ta fitar da sanda, da manya-manyan nan, duk kasuwa za su tafi yanzu. Matsakaita masu tauri su kaɗai ke shiga ajiya. Ɗakin ajiyar kuwa ba ɗaki ba ne irin nawa. Bangon zana ne, rufin ciyawa mai kauri wanda ba ya yoyo, da gadaje na itace da kara da aka ɗaga daga ƙasa kamar tsayin gwiwa. A kai ake baza albasa, ba a buhu ba, kaurinta bai wuce tsawon tafin hannu biyu ba, iska tana shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Kwano yana tara zafi da rana, da dare ya yi gumi, siminti yana riƙe laima, buhu yana haɗa mai lafiya da mara lafiya su kwana jiki da jiki. Kowane mako ana shiga a juya a tsince. Abu uku ake nema: baƙin gari kamar toka a ƙarƙashin ɓawo, wanda zafi da rashin iska ke kawowa, da laushi mai wari da ke farawa daga wuya, da tsiro ko saiwa, waɗanda suke yawaita in damina ta kankama iska ta yi sanyi da laima. Guda ɗaya da aka bari takan kama na kewaye da ita cikin 'yan kwanaki.

Duk da wannan, cikin buhu 100 Baba yakan rasa 25 zuwa 30, wasu ruɓa, wasu ramewa kawai don ruwan jikinsu yana fita. Wannan ya ba ni mamaki, domin a bakin mutane albasarsa ba ta ruɓa. Ka yi lissafin da kanka. Mutum biyu kowa ya ajiye buhu 100 lokacin da buhu yake jaka 10. Farashi ya kai jaka 30. Wanda ya tsira da 70 ya kama jaka 2,100. Wanda ya tsira da 25 ya kama 750, bai ma mai da uwar kuɗi ba. Kasuwa ɗaya, rana ɗaya, farashi ɗaya, amma da yamma a majalisa za a ce wane ya yi sa'a wane bai yi ba.

Sai dai sanin albasa rabi ne. Ɗaya rabin, wanda na fi daɗewa ban gane ba, shi ne Baba ya tsara gidansa yadda babu abin da zai tilasta masa sayarwa a ranar da bai zaɓa ba. Ba ya cin bashin da za a biya da amfanin gona. Ya sa na yi lissafin nawa a ƙasa da tsinke: jaka 200 na karɓa, na biya da buhu 25. Wanda ya karɓe su in ya iya ajiya, ko ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu, zai sayar da 19 a jaka 30, ya kama 570. Shi ma ana ce masa mai sa'a a gari, kuma da buhunana da na mutane irina aka gina sa'ar. Baba yakan sayar da kason farko ranar cira ya biya ma'aikata da mai da taki, ya sayi masakwa, wato dawar rani, ta shekara guda tun tana arha a watan Fabrairu ko Maris ya zuba a rumbu. Yana da tumaki a bayan gida, in ciwo ya zo ko biki, tunkiya ake kamawa, ba a taɓa albasa. Kuɗin magani daban suke a hannun uwargidansa. Ni da zazzaɓi ɗaya ya shigo gidana, dillali ne ya yanka mini farashi. Shi zazzaɓi yana shiga gidansa kamar na kowa, amma ba ya isa ɗakin ajiya.

Kuma ba ya jiran ƙololuwar farashi. Kashi-kashi yake fitarwa, wani a Agusta, wani a Satumba, na ƙarshe a Oktoba, domin kowane mako na jira yana cin nasa rabon a ruɓa, kuma da zarar sabuwar albasa ta fara shigowa farashi yakan faɗo cikin 'yan kwanaki. Kafin ya loda sai ya yi waya Duwala, kasuwar Sandaga, ya yi waya Yawunde, ya ji mota nawa suka sauka da nawa suke hanya. Mutanen da yake kira ba jiya ya san su ba. Direbobin da ke bin hanyar Garwa da Ngawundare suna shan shayi a zaurensa tun ina yaro ina dako, kuma bai taɓa cusa ruɓaɓɓiya a tsakiyar buhu ya rufe da masu kyau ba, shi ya sa in kasuwa za ta motsa shi ake fara gaya wa. Ma'aikata kuwa ranar da suka yi aiki ranar yake biyansu, don haka lokacin cira da kowa ke neman hannu, masu hankalin su wurinsa suke zuwa.

Wata rana ya ɗauko mini wani tsohon littafi da yake rubutu da ajami. Shekara-shekara: ranar zuba iri, ranar dashe, buhu nawa, an sayar nawa, an rasa nawa. A ciki na ga shekarar da motar da ta ɗauki kayansa ta kife a gangaren dutsen nan da ke kafin Ngawundare, bai tsira da komai ba. Na ga ambaliyar 2012 da ta jiƙa masa ajiya. Na ga wani da ya karɓi kaya a kudu ya ɓace da kuɗin. Na ce, "Baba, ban taɓa jin ko ɗaya cikin waɗannan ba." Ya ce ai ba wanda ya tambaya, mutane ranar lodi kawai suke fitowa kallo. Ya faɗi sau uku faɗuwar da ta fi tawa girma, bambancin shi ne kowace faɗuwa ta same shi da hatsi a rumbu da iri a tulu, sai ya sake shukawa.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce duka dabara ce ba, kuma Baba da kansa bai yarda a faɗi haka ba. Gonarsa gado ce, a bakin Mayo Tsanaga take, ruwa yana kusa, inji ba ya wahala. Ni haya nake biya kafin in zuba ƙwaya ɗaya, rijiyata ta fi zurfi, man da nake ƙonawa ya fi nasa. Shi ubansa ya koya masa danna wuyan albasa yana ɗan shekara 10, ni ubana yadi ya sani, kuma ya rasu ina 14. Wannan ba wayonsa ba ne, ba kuma sakacina ba ne, rabo ne. Na san manoma daga wajen Kolofata da Amcide da suka fi ni sanin albasa nesa ba kusa ba, rikicin kan iyaka ya sa suka bar gona da inji da rumbu a dare ɗaya suka tsira da rayukansu kawai. Akwai abokina da muka yi ƙwadago tare a wurin Baba, ya koyi duk abin da na koya, ciwon mahaifiyarsa na shekara biyu ya cinye jarinsa sau biyu, yau yana tura ruwa a cikin gari. Duk wanda ya dube su ya ce ba su yi ƙoƙari ba ya zalunce su, kuma raina yana ɓaci in na ji wanda Allah ya rufa wa asiri yana irin wannan magana. Abin da nake cewa ya fi haka ƙanƙanta: cikin abin da na kira rashin sa'a a waɗancan shekaru biyu, mafi yawansa yuriya ce da ruwa da wuƙa da kwano da bashi, kuma kalmar sa'a ce ta hana ni ganinsu.

A 2018 na koma noman kaina da rabin kar, ba bashi, da irin da Baba ya auna mini a cikin ladan aikina. Buhu 24 na cire, na sayar da 10, na ajiye 14 a rumfar zana da na kafa da hannuna, na fitar da 10 lafiya. Kuɗin ba su da yawa, amma ranar da na kawo keken ɗinki gida a bayan babur ɗin haya, matata ta zauna a gabansa ta daɗe ba ta ce komai ba. A daren na je wurin Baba na gaya masa abin da na riƙe a zuciyata a kansa, da canja sahu, da zargin asiri, na roƙe shi gafara. Ya ce, "Na sani, ɗana. Ai shi ya sa na zo da kaina, na san kai ba za ka iya zuwa ba."

Yanzu kar ɗaya da rabi nake yi. Na so in kai biyu, amma taki ya yi tsada a 2022, sannan a 2023 da Najeriya ta cire tallafin mai, man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga can, wanda injinanmu suka dogara da shi, ya tashi, sai na tsaya inda ƙarfina ya kai. Bara ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye ya yi fari-fari sun rage mini amfani sosai don na makara wajen lura da su. Hatsin shekara yana rumbu, tumaki huɗu suna bayan gida, ina da nawa littafin. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa ke riƙe da gonar, amma har yanzu in na kai masa albasa yakan laluba wuyanta da yatsa kafin ya amsa gaisuwata.

Watan jiya ina tsinta a rumfa, wani saurayi da ya kama haya kudu da ni ya tsaya a bakin zana. Tasa ta ruɓe tun Yuli, na ji warin daga hanya. Ya daɗe yana kallon gadajen, sannan ya ce, "Kawu, ku dai Allah ya ba ku sa'a." Na ji maganar har cikin ƙashina, domin na san abin da ke biye da ita in aka bar ta ta kwana a zuciya. Na ce masa ranar Alhamis zan sake juyawa, ya zo da safe, ya taho da guda biyar cikin nasa da suka rage. Alhamis ta farko bai zo ba. Ta biyu na same shi tsugune a ƙofar rumfa tun kafin in iso, da albasa biyar a cikin hularsa.